Kafin a damƙa wa yaro fensir, a bar hannunsa ya yi ƙwari

A unguwannin Jos, daga Rikkos zuwa Unguwar Rogo, sai ka ga ɗan shekara uku da jaka a baya, an ba shi aikin gida ya cika shafi da lambobi. Iyaye na murna, wai makarantar tana da ƙoƙari. A ganina gaggawa ce. Yatsun yaro a wannan shekarun ba su gama ƙwari ba, shi ya sa yake dunƙule fensir, ya gaji, ya yi kuka, ya soma ƙin karatu tun bai san daɗinsa ba.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta firamare da ƙaramar sakandare, shiga aji ɗaya kuwa a shekara shida ne. Kafin nan, uwar da ke da sarari za ta iya koyar da ɗanta a gida da kayan kicin. Tun 1907, lokacin da likitar Italiya Maria Montessori ta buɗe ajinta na farko a birnin Rum, ta nuna cewa ƙaramin yaro da hannu yake koyo.

A fara da kwaɓin wasa: kofi biyu na fulawa, kofi ɗaya na gishiri, cokali biyu na man gyaɗa, sai ruwan ɗumi kusan kofi ɗaya a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan. In ya yi danƙo, ruwa ya yi yawa, a ƙara fulawa. In yana tsagewa, a jiƙa hannu a sake murzawa. Da hunturu iskar Jos kan busar da shi da wuri, don haka a ɗaure shi a leda da an gama. Murzawa da mulmulawa su ne ke ƙarfafa yatsu ukun da za su riƙe fensir nan gaba.

Lissafi ne aka fi yin kuskure a kansa. Yaron da ke rera ɗaya zuwa ɗari hadda ya yi, bai ƙirga ba. A ajiye masa dankali biyar, ya taɓa kowanne yana faɗin lamba ɗaya. Da ya gama a tambaye shi, "To, nawa ke nan?" In ya koma ƙirgawa daga farko, bai gane cewa lambar ƙarshe ita ce jimilla ba tukuna. Kada a tsawata masa. A koma uku, a zauna a nan har ya kama, sannan a ƙara. Matsalar da aka fi gani ita ce baki ya riga yatsa gudu. Maganinta shi ne ya ɗauki kowane dankali ya jefa a kwano kafin ya kira lamba ta gaba. Ɗan ƙasa da shekara uku kuwa kada a ba shi wake ko tsakuwa, yana iya shaƙewa ko ya cusa a hanci.

Haruffa a yashi za a fara: a baza yashi a faranti, uwa ta zana da yatsa tana furta sautin, shi ma ya bi. Harafi biyu a mako sun isa, kuma kada a haɗa b da d a mako guda, domin rikita su ake yi. A yi da Hausa, harshen da yaron ke tunani da shi.

Kowane zama kada ya wuce minti goma zuwa sha biyar, sau biyu ko uku a rana. Ya fara jefar da kaya? Ya gaji, a tashi.

Masu cewa yaron gida ba ya sabawa da mutane suna da hujja, kuma ba kowace uwa ce ke da lokaci ba. Mai fita aiki ko kasuwa ba ta yi laifi ba don ta kai ɗanta nazare. Wadda ta zaɓi gida kuwa, dole ta nema masa abokan wasa, ko 'ya'yan maƙwabta ko na Islamiyya. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2019, ta ce ɗan shekara uku zuwa huɗu yana buƙatar motsa jiki na awa uku a yini, kallon waya ko talabijin kuma kada ya wuce awa ɗaya. In aka ajiye yaro a gida aka miƙa masa waya don a samu a yi girki, gara ma a kai shi makarantar.