Amincewa Danna Ɗaya Ce, Ƙi Kuwa Sai Ka Yi Gumi

Haba jama'a, wannan bibiyar da ake mana a intanet ta isa haka. Ka buɗe shafi don karanta labari ko duba farashin waya, kafin ka ga layi ɗaya wani akwati ya rufe allo, wai suna mutunta sirrinka, ka amince da kukis, wato ƙananan bayanan da shafi ke ajiyewa a wayarka don bibiyar abin da kake yi. Maɓallin amincewa ƙato ne mai launi, daidai inda babban yatsa yake sauka. Na ƙi fa? Nemo shi. Sau da yawa wani ɗan rubutu ne toka-toka a can ƙasa, ya kai ka wani shafin da aka jera kamfanonin talla ɗaruruwa, kowanne da nasa makunni. Ka kashe wannan, ka kashe wancan, ka gangara sai ga wani sashe duk a kunne, ka sake bi ɗaya bayan ɗaya. Da Turancin lauyoyi kuma, a kan datar da ka saya da guminka, sabis yana zuwa yana ɗaukewa. Abin da ya fi ƙona mini rai, jibi ka dawo shafin, akwatin ya sake tare ka. Wanda ya danna amincewa kuwa an ƙyale shi, ba a ƙara tambayarsa.

Kada wani ya ce mini rashin iya tsara shafi ne. Da gangan ne. A farkon 2022 hukumar kare bayanai ta Faransa ta ci tarar Google yuro miliyan 150, Facebook kuma miliyan 60, a kan wannan laifin takamaimai: amincewa danna ɗaya, ƙi sai an danna sau da dama. Ba a jima ba Google ya saka wa mutanen Turai maɓallin ƙin komai kusa da na amincewa. Ashe dai ana iyawa! Tarar ce kawai ba ta iso ba a da.

Kuma kowa ya san dalilin wannan wahalarwar. Da Apple ya fara tilasta wa manhajoji a 2021 su nemi izini kafin su bibiyi mai iPhone, Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, da bakinsa ya ce abin zai ja masa asarar kusan dala biliyan 10 a 2022. Wato "a'a" ɗin nan tamu kuɗi ce tsababa, shi ya sa ake ɓoye ta. To mu nawa ne masu iPhone? Je kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ka ga abin da ake saye: Tecno, Itel, Infinix. Gwaggo ta sayi sabuwar waya ta miƙa wa yaron shago ta ce, "Ɗana, saita mini." Shi kuma layi na jiransa, ya buɗe mata adireshin imel, ya loda manhajoji, duk abin da ya faɗo allo ya danna amincewa: lambobin mutane, hotuna, wurin da take, makirfo. Ta karɓi waya ta sa masa albarka. A rubuce, wai ta ba da izini ke nan.

Masu cewa "ni ba ni da abin ɓoyewa", ku tambayi waɗanda manhajojin bashi suka tozarta. Da izinin shiga lambobin nan aka riƙa aika wa surukai da abokan aiki saƙo cewa wane ɓarawo ne, a kan bashin da bai taka kara ya karya ba. Sai da abin ya yi ƙamari kafin Google ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotuna a 2023.

Ba wai ba mu da doka ba ne. Tun Yunin 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, aka kafa hukumar kare bayanai ta Najeriya, wato NDPC, kuma dokar ta ce janye izini ya zama da sauƙi daidai da bayar da shi. A Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya, wato FCCPC, ta ci tarar Meta dala miliyan 220. Madalla. Amma tarar babban kamfani labarin jarida ne, gwaggo ba ta gani a wayarta ba. Ƙananan shafuka da manhajojin caca da na bashi suna nan suna cin karensu babu babbaka.

NDPC, abin da muke nema ba shi da yawa. Duk shafi ko manhajar da ke neman kasuwa a Najeriya, a tilasta mata saka maɓallin ƙi kusa da na amincewa, girmansu ɗaya, da Hausa da Yarbanci da Ibo, kuma wanda ya ƙi a daina tare shi da tambayar duk bayan kwana biyu. Wadda ta saɓa a ci ta tara, a buga sunanta kowa ya gani.