Shekara 15 yana kan gaba a sukuwa, sai da ya yi minti 9 a talabijin aka gan shi

Duk watan Disamba idan shekara ta zo gangara, BBC kan tara 'yan wasan Birtaniya a babban zaure, a sha kwalliya, a nuna abubuwan da suka faru a shekarar, daga ƙarshe jama'a su kaɗa ƙuri'a ta waya da intanet a fitar da gwarzon wasanni na shekara. Tun 1954 ake wannan biki. Kuma a duk tsawon shekarun nan, sama da 70, mahayin dokin sukuwa ɗaya tak ne ya taɓa ɗaga kofin. Ɗaya fa. A ƙasar da in ka cire ƙwallon ƙafa babu wasan da mutane ke biyan kuɗi su je kallo kamar tseren dawaki.

Sunan mutumin Tony McCoy, ɗan Ailan ta Arewa, kuma labarin yadda ya samu kyautar a 2010 shi ne ya sa ni ban yarda ana adalci a wannan zaɓe ba.

McCoy irin sukuwar da ake tsallake shinge yake yi, wadda motar asibiti ke bin mahaya a baya tun daga farkon tsere har ƙarshe saboda an san dole wani zai faɗo. Mutum ne dogo a cikin mahaya, to dole ya riƙa matse cikinsa, yau a ci gobe a haƙura, a shiga ruwan zafi a yi ta zufa don nauyi ya sauka kafin a hau sikeli. Ya karye a ƙafa, ya karye a hannu, haƙarƙari, kafaɗa, har ƙashin baya, haƙora kam ba a magana. Da duk wannan, tun kakar 1995/96 babu shekarar da wani ya fi shi yawan cin tsere, haka ya riƙe kambun nan sau 20 a jere har ya ajiye linzami a 2015, da nasara 4,358. A kakar 2001/02 kaɗai ya ci tsere 289, ya goge tarihin Gordon Richards na 269 wanda ke nan tun 1947. Me aka ba shi a bikin BBC na 2002? Na uku. 'Yar tseren gudu Paula Radcliffe ta ɗauka, ita kam ta cancanta ba musu, amma na biyu David Beckham ne.

A watan Fabrairun 2009 ya cika nasara 3,000, abun da babu wani mahayin tsallaken shinge da ya taɓa yi kafin shi. Da aka fitar da sunaye goma na 'yan takarar wannan shekara ko sunansa babu. Ryan Giggs aka ba, yana ɗan shekara 36, kuma ni da nake goyon Manchester United tun ina yaro zan faɗa maka gaskiya kyautar tsufa da daɗewa aka ba shi, ba wai ya fi kowa a 2009 ba.

Sai ga Afrilun 2010. Akwai tsere guda da ake kira Grand National a filin Aintree kusa da Liverpool, kusan kilomita 7, shinge 30, shi ne tseren da har tsohuwar da ba ta san gaban doki da bayansa ba take zama ta kalla. McCoy ya gwada sau 14 bai ci ba. A na 15 ya hau wani doki mai suna Don't Push It ya shigo na farko, abun bai wuce minti 9 da 'yan daƙiƙu ba. Watan Disamba na zuwa ya kwashe kusan kashi 42 cikin ɗari na ƙuri'u. Mutumin da ya shekara 15 yana gaban kowa ranar Litinin da Talata a ƙananan filaye cikin ruwan sama da taɓo ba wanda ya waiwaye shi, rana ɗaya da ƙasa duka ta kunna talabijin sai ya zama gwarzo. Kuma ko a nan ɗin sai da mutanen harkar dawaki suka tashi tsaye da kamfe, jaridunsu da filayensu kowa na cewa a zaɓi McCoy, kamar zaɓen ɗan majalisa.

To me aka ba kyautar kenan, aikin ko kallon? Ni dai amsar tana jikin kofin kansa, don in ka duba hotonsa za ka ga siffar tsohuwar kyamarar talabijin ce aka ƙera da ruwan azurfa. Ba su ɓoye ba.

Kafin McCoy akwai Lester Piggott da ya ci gasar Derby ta Epsom sau 9, bai taɓa samun babban kofin ba. Akwai Frankie Dettori, wanda ranar 28 ga Satumban 1996 a filin Ascot aka yi tsere bakwai ya cinye bakwai ɗin duka, masu kantin caca suka kwana suna lissafin asara. Na uku ya zo. Damon Hill na tseren motoci ya ɗauka, kuma karo na biyu kenan, don an ba shi a 1994 shekarar da ko kambun duniya bai ci ba. Direbobin Formula 1 sun ɗauki kofin nan sau 8, wasan da duk duniya mutum 20 ne ko ɗan sama da haka ke samun kujera a cikinsa. Amma ranar Lahadi da rana yana kan allo, kowa ya san fuskar direba.

Wani zai ce ai an ba masu doki, ga David Broome a 1960, ga Gimbiya Anne a 1971, ga 'yarta Zara Phillips a 2006. Gaskiya ne, sai dai wannan wasan dawaki ne na daban, ba sukuwa ba, kuma biyu daga cikin ukun 'ya ce da jikar sarauniya. Ba na cewa ba su iya ba, Anne ta ci gasar Turai, Zara ta ci ta duniya, amma da 'yar mai share barga ce ta ci wannan gasa ina shakka in an ma san sunanta.

Yanzu bari in yi wa ɗaya ɓangaren adalci, don suna da magana. Na farko zaɓen jama'a ne, ba za ka kama hannun mutum ka ce ya zaɓi wanda bai taɓa gani ba. Na biyu, a sukuwa wa ya ci, dokin ko mahayin? Mu ma nan da muke da filin sukuwa a Kano da sauran garuruwa, in an tashi daga tsere sunan doki da na mai doki ake kira, yaron da ya hau sai dai a damƙa masa ɗan wani abu a bubbuga kafaɗarsa. Su ma can haka ne, a 1977 da Red Rum ya ci Grand National karo na uku, dokin aka shigo da shi cikin ɗakin bikin BBC ana ta tafi, kuma yau in ka tambayi Bature sunan wanda ya hau shi a wannan rana zai yi ta susar kai. Na uku kuma, mutane da yawa a Birtaniya ba sa ganin sukuwa a matsayin wasa, caca suke gani da dawakan da ke karyewa a shinge a kashe su. Wannan ƙorafi ba na banza ba ne, shi ya sa ma aka rage dawakan Grand National daga 40 zuwa 34 a 2024.

Duk na yarda. Inda ban yarda ba shi ne a fake da jama'a, alhali kafin jama'a su taɓa waya akwai kwamitin da ya riga ya zauna ya tace sunaye. A nan ake yanka wa ƙananan wasanni ƙauna. Da sunaye 10 ne ko 12, a 2016 har 16, daga 2018 aka mayar da su 6. To kujera shida, ƙwallo za ta ɗauki ɗaya, guje-guje ɗaya, kurket ko tanis ko dambe ko tseren mota su raba sauran, ina ɗan kwale-kwale ko mai harbin baka ko mahayi zai zauna? Kuma mun san masu tace sunayen kan yi kuskure, don a 2011 jerin goma aka fitar babu mace ko ɗaya, aka yi ca a kansu har sai da suka sauya yadda ake tace sunayen a shekarar da ta biyo. Ga kuma wata, tun ƙarshen 2012 BBC ta daina nuna tseren dawaki a talabijin ɗinta, ya koma Channel 4, daga 2017 ITV. Gidan da ke raba kyautar ba shi da hoton wasan a hannunsa duk shekara, sai daren biki a ba shi 'yan mintuna a wuce.

Na taɓa gwada abun da kaina, a ƙaramin mataki. Wata Asabar ta Afrilu ina gidan kallo a unguwarmu, an tafi hutun rabin lokaci, na ce wa yaron da ke riƙe da rimot ya ɗan lalubo mana ko akwai tashar da ke nuna Grand National, minti goma ne kawai. Ya kalle ni ya ce "Yallaɓai doki kuma? Ai sai ka bari sai hawan sallah." Benci duka aka fashe da dariya, har da wani da na san mahaifinsa na da dawaki biyu a gida. Talla muka ci gaba da kallo har aka dawo fili. Yaron nan da rimot ɗinsa shi ne kwamitin, mu kuma da ke kan benci mu ne masu ƙuri'a, abun da ya kunna shi za mu ce ya fi.

Kuma wannan kalma ta "ƙaramin wasa" ma ya danganta da inda kake tsaye. Je Nijar lokacin kokawar takobi ka ga yadda gari ke tsayawa cak a kan rediyo da talabijin idan Issaka Issaka ya shiga fili, sannan ka zo ka ce min ƙaramin wasa ne. Amma shekara da shekaru kyautar da BBC ke ba Afirka, wadda muka yi ta tura wa ƙuri'a lokacin su Okocha, ta 'yan ƙwallo ce zalla, sai a 2021 da aka sake buɗe ta ga sauran wasanni Christine Mboma 'yar tseren Namibiya ta ɗauka. Ashe da ma ƙofar ce a rufe.

Shi ya sa ni abun da nake ganin ya kamata bai da wuya: a mayar da jerin ya yi faɗi kamar da, kuma a daina barin 'yan jaridar ƙwallo da tsofaffin taurarin Olamfik su kaɗai su yanke wa wasannin da ba sa bi hukunci. In an sa sunan mutum jama'a suka ƙi shi, shikenan, ba wanda zai yi kuka. Ai da aka sa 'yar sukuwa Hollie Doyle a 2020, shekarar da ta ci tsere biyar a rana ɗaya a Windsor, ta zo ta uku bayan Lewis Hamilton da Jordan Henderson. Rachael Blackmore kuwa da ta zama mace ta farko da ta ci Grand National a 2021, kasancewarta 'yar Jamhuriyar Ailan sai aka sa ta a rukunin 'yan ƙasashen waje, jama'a suka zaɓe ta ta ɗauke kyautar. Ita ma dai Grand National ɗin ne ya fito da ita. Dettori an sake sa shi a jerin 2023 yana ɗan shekara 53, bayan ya yi bankwana da filayen Ingila, ko cikin ukun farko bai shiga ba, mai tsaron raga Mary Earps ce ta ɗaga kyamarar.