Jikka 20 da ke tsakanina da maƙwabcina

Jama'a barkanku da warhaka. Yau kan alheri nike son magana, don mu Kiristocin Maraɗi mun iya rera shi cikin waƙa ran Lahadi, Litinin na yi kuma mu koma ma lissafi.

Bara wani maƙwabcina nan unguwar Zariya ya ranci jikka 20 gare ni, wai motonshi na kabu-kabu ya lalace, sati biyu zai maido. Wata takwas shiru. In ya hango ni sai ya sake lungu, ni ko in na gane shi kuɗina kawai nike gani, har ɗiyanshi da ke zuwa kallon tele gidana na fara ɗaure musu fuska, yaran da ba su san hawa ba su san sauka ba.

Wata Lahadi fasto ya karanta Matiyu 18, bawan nan da sarki ya yafe ma talanti 10,000, yana fita ya shaƙe wuyan ɗan'uwanshi kan dinari 100. Dinari guda ladan ƙodagon wuni ɗaya ne fa, talanti guda kuwa dinari 6,000 ne. Gabana ya faɗi, don ni ne wannan bawan. Afisawa 2:8-9 ta ce ta wurin alheri aka cece mu, kyautar Allah ce, aikinmu bai saye ta ba. To wanda ya ci kyauta irin wagga, da wane ido zai riƙa ƙirga laifin wani?

Wasu za su ce ai sai a maida ka bawan kowa. A'a, bashi bashi ne, alheri bai hana ka tambayi haƙƙinka ba, abin da ya hana shi ne ka manta mutum ne gabanka. Ku duba asibitin Danja nan kusa da mu, shekara da shekaru ana wanke gyambon masu kuturta, mutanen da wani lokaci danginsu ma ke ware ma kwano. Ni can nike ganin alheri da idona.

Da marece na tafi gidan maƙwabcin nawa, ya fito jiki na rawa. Ashe moton ma ya saida shi wajen jinyar uwarshi. Muka zauna bisa tabarma, matarshi ta kawo fura cikin kwarya, na ce Malam a bar zancen kuɗin nan, yaya jikin Inna?