Daren da muka yi wa ɓera ruƙiyya

Tun shekaranjiya duk wanda na haɗu da shi a hanyar masallaci sai ya ce min, "Malam, ya mai jiki? Ya baƙin naku?" yana danne dariya. To gara in ba da labarin da bakina kafin 'yan majalisar ƙofar gidanmu su gama zuba masa gishiri, don na ji har an kai shi Kantin Kwari, wai an ga wata farar mata tana zagaye a saman kwanonmu.

Ga yadda aka yi. Daren Talata ne, a tsakiyar muku-mukun sanyin nan. Hazo ya rufe Rijiyar Zaki, kwana biyu ba a kawo mana wuta ba, unguwa ta yi tsit har kana jin haushin karnukan da ke can wajen titin Gwarzo. Wajen ƙarfe biyu da rabi maman yara ta ɗaka min duka a cinya. Ba tashin lallami ba, duka sosai. Ta ce, "Baban Abba, tashi, akwai mutum a saman ɗakin nan."

Na kasa kunne. Sai na ji ƙas, can kuma ƙas. Na ce mata kwano ne, ki kwanta. Kuma da gaskiyata. Ƙarfe yana buɗewa in ya sha rana, yana tsukewa in ya sha sanyi, a hunturun Kano kuwa rana takan kai wajen digiri 30, dare ya sauko ƙasa da 15. Kwanon da ya wuni yana miƙa, da dare sai ya dinga jan jikinsa yana goga ƙusa. Wanda ya tashi a gidan ƙasa mai rufin azara a cikin Badala bai san wannan ƙarar ba, don laka ba ta surutu. Na yi mata wannan bayanin cikin muryar wanda ya yi makaranta, na ja bargo.

Ban gama rufe kaina ba muka ji gurrrr, an gangaro da wani abu daga wannan kusurwar silin zuwa waccan. Ya tsaya. Sai taku, ƙanana, da sauri. Sai kuma aka sake gangaro da shi ya dawo daidai saitin kaina. A nan ilimin kimiyyata ya ƙare.

Ta ce, "To malamin kwano, shi ma wannan sanyin ne?"

Kafin in sami amsa sai ga Hajiya a bakin ƙofa da carbinta. Sati biyu ke nan da zuwanta wajenmu don ganin likitan ido. Ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana, don haka sai ta ce, "Kai, ka ji abin da nake ji? Ai na faɗa. Tun ranar da aka sare tsamiyar bayan gidan nan na ce ba za a kwashe lafiya ba. An tashe su daga mazauninsu, ina ake so su koma?" Na ce, "Hajiya, ki koma ki kwanta, zan duba." Ta ce ba inda za ta, ta zauna a bakin gadonmu ta fara Ayatul Kursiyyu. Yara uku suka shigo a guje suka haye gadon. Auta bai ma san me ake gudu ba, ya ga ana kuka ya kama.

Nan gida ya rabu biyu. Ɓangaren Hajiya sun ce mutanen ɓoye ne. Maman yara ta ce ɓarayi ne, hujjarta kuwa mai ƙarfi ce: makon jiya aka haura gidan da ke bayanmu aka kwance batirin sola. Ƙanena, wanda yake karatu a jami'a kuma kullum yake mana wa'azin cewa mun cika camfi, ya fito daga ɗakinsa da taɓarya a hannu, ya saka hular sanyi har ido, takalmi wari da wari. Ni aka miƙo min muciya. Ina da adda a gidan nan, wallahi ina da ita, amma tana cikin sito, siton kuma yana ƙetaren tsakar gida, tsakar gidan kuma a daren nan ya yi min nisan Kano zuwa Wudil.

Abin da ba a faɗa wa saurayi ranar ɗaurin aure shi ne, daga ranar duk ƙarar da aka ji da dare tasa ce. Mutum bakwai a ɗaki, kowa ni yake kallo. Na ce wa ƙanena, "Wuce gaba, kai ne mai tocila." Ya ce, "Haba Yaya, ai babba ne a gaba." Rabon da yaron nan ya tuna ni babba ne tun ranar da ya zo karɓar kuɗin rajista.

Mun buɗe ƙofar falo ke nan, iska ta kaɗo, sai wani nishi ya taso daga bayan banɗaki: huuuuu, dogo, mai kauri, kamar tsoho yana jin jiki. Ya yi shiru, ya sake. Hajiya daga ciki ta ɗaga murya ta koma Falaƙi da Nasi. Maman yara ta ce a kunna turaren wuta, wai ko ma wane ne zai rage ƙarfi. Muna tsaye a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, sai aka kawo wuta. Fitilu suka kama gaba ɗaya. Kuma a daidai wannan lokacin wata mata ta yi magana daga ɗakin ƙanena, da ƙarfi, da Turanci, a ɗakin da muka san ba kowa.

Ban san lokacin da muciya ta bar hannuna ba. Na dai tsinci kaina a bayan labule, ƙanena kuma a ƙarƙashin teburin cin abinci yana riƙe da waya a baki, yana aika saƙon murya zauren WhatsApp na unguwa: "Jama'a a taimaka, sun shigo, sun shigo!" Bai ce su wa ba. Shi ma bai sani ba.

Matar nan sifikar Bluetooth ɗinsa ce. Ya bar ta a jone tun shekaranjiya tana jiran caji, wuta na zuwa ta kunna kanta ta yi sanarwar da ta saba da muryar nan ta 'yar China. Kullum muna jin ta a gidan, har Auta yana kwaikwayonta. Amma ƙarfe uku na dare ba wanda ya gane ta.

Har zuwa nan abin dariya ne, ni ma yanzu ina yi. Abin da ya biyo baya ne ya sa na zauna rubuta wannan dogon zance.

Cikin minti goma layinmu ya cika. Usur ta ko'ina, 'yan sintiri, matasa da gora da barandami, wani dattijo da kwari da bakar da na tabbata ta girme ni. Ina godiya, kuma da gaske nake, don akwai unguwannin da za ka yi ta ihu ba mai leƙowa. Amma wani ya ce "ɓarawo", wani ya ɗauka, kafin ka ce kwabo an ce an kama shi a bakin layi. Na fita na tarar an tsugunar da wani yaro ɗan shekara kamar goma sha takwas, an riƙe kekensa, leɓensa ya fashe. Ma'aikacin gidan burodi ne, ya taso daga aikin dare zai kai wa masu shayi kaya. Ga burodin nan a kwali, da ɗuminsa. Sai rantsuwa yake, ba mai saurarensa. Allah Ya sa mai shayin bakin titi ya fito ya ce, "Kai, ku sake shi, yaronmu ne, kullum shi yake kawo min." Da mai shayin nan ya yi nauyin barci, ban san me zan rubuta yau ba, ko ma daga ina zan rubuta shi.

Mun ba shi haƙuri, na ba shi abin da ke aljihuna, ya karɓa bai kalle ni ba. Ba a sace mana ko tsinke ba. Ba wanda ya ga ɓarawo. Ihu kawai muka yi, ihun ya fita ya nemo wa kansa mai laifi. Duk mutumin Kano ya san yadda kalmar nan take aiki, musamman tun da ƙwacen waya ya sa zukata suka yi zafi: ana furta ta an gama shari'a. In ka zargi aljani ba abin da zai same shi. Yaron mutane kuwa jini ne da tsoka.

Da gari ya waye na kira kafinta. Ya cire fale ɗaya na silin, ya zura kai da tocila, sai na ji yana dariya a ciki. Ya ce, "Alhaji, zo ka ga aljanunka." Na hau tsani. Abin da na gani: ƙwallayen goruba sun fi ashirin, an gwaigwaye su tas sun yi sumul, su ne ake gangarawa da dare kamar ana buga ƙwallo a filin Sani Abacha. Ga ƙwallon dabino, ɓawon gyaɗa, yagaggiyar leda, safar makarantar Auta da aka yi wa 'yar aiki faɗa a kanta, ga kashin ɓera baƙi-baƙi kamar an watsa shinkafa, ga zarni. Nishin tsohon kuma bututun tankin ruwanmu ne na sama. Tankin ya ƙafe saboda rashin wuta, iska tana busa bakin bututun yadda yaro yake busa bakin kwalba.

Sai kafintan ya daina dariya. Ya haska min wayar wutar da ta bi ta kan katako zuwa fankar ɗakin yara. An cinye robar wajen tsawon ɗan yatsa, jan ƙarfen yana waje tsirara, a kwance kan busasshen katako, kusa da tarin leda da tsumma. Ya ce, "Wannan da ta haɗu da 'yar uwarta jiya da aka kawo wuta, da ba ni za ka kira ba."

To ra'ayina ke nan, wanda ya ga zai zage ni bismillah. Mu dai mun iya tsoro, amma ba mu iya zaɓar abin tsoro ba. A daren nan mun lissafa aljani, mun lissafa ɓarawo, har maita an ambata, ba wanda ya kawo ɓera a ransa, alhali shi kaɗai ne a cikinsu ya kusa hallaka mu. Haƙoran gabansa ba sa daina tsiro, shi ya sa dole ya yi ta gwaigwayar abu mai tauri, ko katako ko roba ko wayar wuta. Ga kuma zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, wani nau'in ɓera ne yake yaɗa shi ta fitsarinsa da kashinsa a kan abinci, kuma a irin wannan lokaci na rani ya fi tashi. Mu kuwa buhun garinmu a buɗe yake a sito, kwanukan tuwon dare a tsakar gida har safe. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Kada wani ya juya min magana. Ban ce babu aljanu ba, sura guda Allah Ya saukar da sunansu, kuma ba zan bar azkar ɗin kwanciya ba. Amma addinin da ya koya mana Ayatul Kursiyyu shi ne ya ce idan dare ya yi a rufe ƙofofi, a rufe kwanuka, a ɗaure bakin salka, a kashe fitila, har Manzon Allah (SAW) ya faɗi dalili: ɓera yakan ja lagwani ya ƙone gida da mutanensa. Da sunansa aka ambace shi. Mun riƙe rabin da ake yi da baki, mun saki rabin da ake yi da hannu. Ina ganin na san dalili, don a kaina na gani. In aljani ne, ba laifina, sai dai a yi tofi a kira malam. In ɓera ne, to ni ne na yi wata takwas ina cewa gobe zan toshe ramin bayan sito, ni ne na ga rufin ya ɗage ta gefen gabas tun damina na ce bari a yi albashi.

Kuma mu maza mu daina cika baki a majalisa. Duk wanda ya tare ni yana dariya sai ya ce da shi ne da tuni ya haura saman. Ɗaya daga cikinsu na san ranar da mage ta faɗo masa daga katanga, da zanin matarsa ya fito titi.

Jiya mai gyaran wuta ya canja wayar ya zura ta cikin bututun roba. An toshe ramuka da siminti da fasassun kwalabe, an sayo robobi masu murfi an juye gari da shinkafa, an ɗana tarko huɗu. Shinkafar ɓera maman yara ta hana, saboda Auta ba abin da ba ya kai wa baki. Ƙanena an yi masa doka biyu: ba ya ƙara barin sifika a jone, ba ya ƙara tura saƙo zauren unguwa sai ya ga abu da idonsa. Da asuba na tsaya wajen mai shayi na jira yaron burodin, leɓen ya fara saɓewa, wannan karon ya amsa gaisuwata.

Yau da safe tarko ya kama guda biyu, manya. Na ɗauko ɗaya ta wutsiya na kai wa Hajiya har ɗaki, na ce, "Hajiya, ga mutanen tsamiyar." Ta gyara gilashinta, ta daɗe tana kallonsa. Sai ta ce, "To su da wace siffa kake so su zo maka? Fitar min da shi, kuma ka yi bismillah kafin ka yar."