Kada mu aika mai bashi ya ƙara cin wani bashin da sunan shuka iri

'Yan'uwa cikin Almasihu, ina so mu yi maganar da muke kauce wa a majami'a. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota daga Sabon Tasha zuwa cikin garin Kaduna kaɗai ya isa ya cinye albashin ƙaramin ma'aikaci. A Kakuri ma akwai gidajen da ba su farfaɗo ba tun rufe masaƙu. Ka duba littafin mai shago a Narayi ko Romi: mudun garri, kwalbar manja, sabulu, duk an rubuta sai ƙarshen wata. Masu waɗannan sunayen su ne muke rera waƙa tare da su ranar Lahadi.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda wasu masu wa'azi ke cewa talauci alamar ƙarancin bangaskiya ce, wai a shuka iri, wato a ba da baikon kuɗi a majami'a, domin ƙofa ta buɗe. Sai ka ga uwa mai 'ya'ya, kuɗin haya na bin ta, ta karɓi rance a manhajar waya ta kai gaban bagade. Kwana kaɗan kuɗin ruwa ya hau, a fara tura saƙo ga duk lambar da ke wayarta, har ta fasto, ana ce mata ɓarauniya. Daga nan ta daina zuwa Zumuntar Mata saboda kunya, mu kuma mu ce ta ja da baya.

A 2 Sarakuna sura 4, gwauruwar da ta zo wurin Elisha matar mai tsoron Allah ce, amma mijin ya mutu da bashi, mai bin bashin kuma na shirin kwashe 'ya'yanta biyu su zama bayi. Elisha bai zarge ta ba, bai nemi baiko a hannunta ba. Ya tambaye ta abin da take da shi a gida. Ɗan mai ne kawai. Maƙwabta suka ara mata tuluna, Allah ya cika su, annabin ya ce ta sayar, ta biya, ta rayu da sauran. Da maƙwabtan nan sun rufe ƙofa, ina za ta zuba man?

Biya wajibi ne, Zabura 37:21 ta kira mai ci ya ƙi biya mugu. In ana bin ka, kada ka kashe waya. Je ka sami mai kuɗin, ka faɗa masa abin da za ka iya kawowa duk wata, ko kaɗan ne.

Amma masu bin bashi a cikinmu ma akwai magana a kansu. A Nehemiya sura 5, da jama'a suka jinginar da gonaki da gidaje don su sayi hatsi, Nehemiya ya tara manya ya sa su mayar a ranar. Ina roƙon dattawan ikilisiya su sassauta ankon biki da hidimar jana'iza, waɗanda ke jefa iyalai cikin rance. A ware wani kaso na baiko domin rance marar ruwa, a damƙa shi ga mutane biyu ko uku masu riƙon asiri, yadda mai bukata zai zo ba tare da an karanta sunansa a sanarwa ba.