Zaman wuri ɗaya ba ya hana tsoho faɗuwa

A gidajenmu na Hausawan Jidda, da zarar kaka ta yunƙura sai jikoki su ce, "Hajiya, zauna, kada ki faɗi." Ana ganin tausayi ne, amma zaman ne ke cinye ƙarfin cinya da ƙafa, har ranar da za ta zame kan tayil wajen alwala.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi ɗaya cikin uku na masu shekara 65 zuwa sama suna faɗuwa duk shekara. Abin da ke rage hakan shi ne motsa jikin da ke horar da tsayuwa, kuma rawa a hankali tana cikinsa: a ɗora nauyi kan ƙafa ɗaya, a mayar kan ɗayar, a juya, a ja da baya. Masu cewa rawa ta yara ce sun manta tsofaffin da ke takawa a gidan biki.

Ga zafin Jidda da ke hana fita yawo, don haka sai a yi rawar a cikin gida. Mata biyar a falo, a naɗe darduma mai santsi, kowa da kujera kusa don dafawa, ana tafi ana hira. Mai jiri ko ciwon zuciya ta fara ganin likita.