Idon Kawu da karatun jikarsa

Jama'a assalamu alaikum. Yau dai zan faɗi abin da ya daɗe yana cina a rai, wanda zai ji haushi ya yi haƙuri, musamman ku ƴan uwana na ƙungiyar ci gaban ƙauyenmu da muke zaune nan Garwa da Marwa da Yawunde muna tura kuɗi duk shekara.

Kwanaki na je gida gaisuwar rasuwa, can bakin Binuwai ƙasa da madatsar Lagdo. Da hantsi ina zaune ƙofar gidan jauro, wato mai garinmu, sai ga Kawu ya taho, wata ƴar yarinya riƙe da bakin sandarsa tana gaba yana biye. Jikarsa ce, ba za ta wuce shekara 10 ba, kuma ranar Talata ce fa, sa'o'inta duk suna lakwal. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce wane ne, na faɗa masa, sai ya ce "ɗan nan ai yanzu da kunne nake ganin mutane". Aka yi dariya, ni ma na yi, amma wallahi ta ciki na ciki. Mutumin da ya koya min dashen masakwa, wanda in ruwa ya janye shi ke fara sauka fadama da irin albasa, yau shi ake ja.

Na tambayi uwar yarinyar me ya hana ta makaranta. Ta ce "Yaya to wa zai kai Baba masallaci, wa zai kai shi makewayi, ni ina gona ina kasuwa?" Tun bara aka cire ta daga CE2, wato aji huɗu na firamare. Na rasa abin cewa, don in ni ne ma ban san yadda zan yi ba.

A taronmu kullum maganar makaranta daban, maganar lafiya daban, ta ido kuwa ban taɓa jin an ɗaga ta ba ko sau ɗaya. Alhali a ƙauye duk tsohon da idonsa ya rufe, yaro guda ya bar aji kenan, kuma kusan kullum mace ake cirewa. Gonar tsohon ta zama saura, ko a bayar da ita aro. Ku zagaya ƙauyukan bakin ruwan nan ku ƙirga ƴan jagora, sannan ku leƙa aji ku ga bencinan da babu kowa, lissafin ba ya ɓuya.

Abin da ya fi ƙona min rai, yawancin irin wannan makantar yanar ido ce, kuma yana aikinta ake yi. Ba a ma sumar da mutum, allura ce a gefen ido, a cire abin da ya yi fari a saka na roba, aikin bai kai awa ɗaya ba, washegari a buɗe bandeji. Amma mu sai mu ce tsufa ne, ƙaddara ce. To ƙaddara ce mana, neman magani ma ai ƙaddara ce. Su kuma masu yawo ƙauye-ƙauye da ƴar jaka suna cewa suna sauke yana, su soka tsinke su tura ta cikin ido, ranar mutum ya ga haske dishi-dishi a yi ta murna a ba su akuya, bayan ƴan watanni ido ya kumbura ya mutu murus, su kuma sun daɗe da haye kogi. Haka aka yi wa Kawu a idon hagu, ban sani ba sai wannan zuwan.

Sai makantar kogi, wadda ita kam tamu ce mu mutanen bakin ruwa. Ɗan ƙaramin baƙin ƙudan nan da ke cizo da rana, a ruwa mai gudu yake hayayyafa, shi ke saka tsutsar a jiki, a yi ta ƙaiƙayi fata ta lalace, ƙwauri ya yi dabbare-dabbare, a hankali ta kai ga ido. Mutanen wajen Tubboro da kwarin Vina sun fi kowa sanin ɓarnarta. Maganin nan Mectizan kyauta kamfanin Merck yake bayar da shi tun 1987, shi ne wanda ake zuwa da sanda a auna tsayinka a ba ka ƙwaya. To ga inda ake samun matsala, ƙwayar ƴaƴan tsutsar take kashewa, uwar kuwa tana iya shekara 10 zuwa 15 a jiki tana ta haihuwa, shi ya sa sai an sha duk shekara, kuma gari duka, in ba mai ciki ba da ƙananan yara da wanda ke kwance. Mu kuwa wani ya sha sau biyu ya ce ai na sha, wani ya ce ya sa shi ƙaiƙayi, wani ya ce maganin hana haihuwa ne (mai faɗar hakan ƴaƴansa 14, Allah Ya ƙara albarka). Nijar ga ta nan, a farkon 2025 hukumar lafiya ta duniya ta tabbatar sun rabu da cutar nan, su ne na farko a Afirka. Ba da wani sihiri ba ne.

Na amosanin ido ba sai na ja ba, ƙuda ne da rashin wanke wa yara fuska, ga kogi a bayan gida amma kwantsa ta kwana ta wuni. In ya tsananta gashin ido ya juya ciki yana gogar ƙwayar, ka ga iyayenmu mata da ɗan matsefi a wuya suna tsigewa. Shi ma ƙaramin aiki ake yi a fatar idon.

Kuma don Allah a daina ɗiga wa ido duk abin da aka samu. Lokacin sussuka ƙaiƙayi ya faɗa idon mutum, ko feshin auduga ya fantsama, sai a kawo nonon mace, ruwan sukari, ruwan ganye, ko a sayi ɗan kwalba wajen mai tallan magani ranar kasuwar Pitoa. Wasu magungunan ɗigawar nan in akwai miki a ƙwayar ido ƙara rura shi suke yi, ja zai ragu ka ɗauka sauƙi ne, ashe ido ne ke tafiya.

Yanzu mu koma cikin ajin kansa. Yara nawa muka kira daƙiƙai alhali allon ne kawai ba sa gani? Ni na zauna benci ɗaya da wani, kullum yana kwafa daga littafina yana shan bulala, ya gudu ya koma kamun kifi, sai da ya girma ya je neman lasisin tuƙi aka gane idon ne. Gwajin nan ba wani abu ba ne, takarda ce mai harafin E manya da ƙanana, a manna a bango yaro ya tsaya nisan mita 6 ya rufe ido ɗaya. Malamin da iyaye ke biya ma zai iya in an nuna masa sau ɗaya. Haka manya da suka haura 40, tela ya kasa zura zare, malam ya kasa karanta Alƙur'aninsa, manomi ya kasa duba takardar awon audugarsa, duk ɗan gilashin karatu ne da bai kai kuɗin buhun taki ba.

Na san abin da za ku ce, aikin gwamnati ne. Gaskiya ne, nata ne. Amma rumfunan da muka haya a taron bara, da sa biyu da aka yanka, da yadi iri ɗaya da aka ɗinka har da hula, su ma gwamnati ce ta ce mu yi? Ni ma na ɗinka fa, ba wai na fi kowa ba. Tun ambaliyar 2012 muke taron nan, in ban da gyaran rufin aji biyu ku nuna min abin da ya tsaya.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Bayan an gama girbi, wajen Janairu da hanya ta bushe, jauro da liman su sa a rubuta sunan duk wanda ba ya gani, mu ɗauki mota guda mu kawo su Garwa a duba su, don yawanci ba kuɗin aikin kaɗai ke tsayar da su ba, kuɗin mota ne da masauki da wanda zai zauna da su. Masauki kam gidajenmu suna nan. Duk wanda aka yi wa aiki kuma sharaɗi ɗaya, ɗan jagoransa ya koma lakwal, in ba shi da takardar haihuwa mu nema masa tun yanzu kar sai an zo CEP, jarrabawar gama firamare, a fara guje-guje.

Kawu dai na taho da shi, yana gidana yanzu haka. Likita ya duba ya ce na hagu sai haƙuri, na dama yana ce kuma za a iya aiki, an ba mu ranar Alhamis ta sama. Yarinyar ma ta biyo mu don ya ce ba ya iya cin abinci in ba ita ta miƙa masa ba. Jiya na same ta tana karanta littafin ƴata tana haɗa baƙi da ƙyar. Ku sa mu a addu'a, kuma shugaba da ma'aji na san kuna gani, ina jiran amsarku a nan, ba ta waya ba.